Shin Tsadar Waya Tana Ƙara wa Sauti Daɗi?



An ba ni tambaya guda: wayar da ke haɗa amfilifaya da lasifika a falon gida, tana da hannu a daɗin sautin da ke fitowa? Amsata ita ce tana da hannu, amma hannun nata gajere ne, kuma ana iya auna shi da ƙaramar mita.

Kafin ƙarshen shekarun 1970, ba a cika kula da wannan waya ba. Da ta fitilar tebur ma ake haɗawa. A 1979 Noel Lee ya kafa kamfanin Monster Cable a Amurka, yana sayar da waya mai kauri a matsayin kaya na musamman. Daga nan kasuwa ta buɗe, farashi ya yi ta hawa, har a 2007 kamfanin Pear Cable ya sa wa tagwayen waya masu tsawon ƙafa 12 dala 7,250. A shekarar ne James Randi, wanda ya yi suna wajen bankaɗo da'awar da ba ta da hujja, ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai bambance ta da wadda ba ta kai ta tsada ba, da kunne kaɗai. An yi ta ja-in-ja, gwajin bai yiwu ba.

To mu bar kasuwa, mu shiga cikin wayar. Babban abin da ke aiki a cikinta shi ne turjiya, wato yadda take tauye wutar da ke bi ta cikinta. Kamar bututun ruwa ne: in ya yi siriri kuma ya yi tsawo, ruwan da zai isa randa ba shi da ƙarfi. Roger Russell, injiniyan lasifika a kamfanin McIntosh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi: kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ta lasifika. Da om ake auna turjiya, don haka ga lasifika mai om 8, iyakar ita ce om 0.4. Ku ɗauki wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5, irin wadda ake jan wutar fitila da ita. In nisan mita 5 ne, zuwa da dawowa mita 10 ke nan, turjiyarta ba ta wuce om 0.12 ba. Ta ci jarrabawa da rata mai yawa. Ko an musanya ta da azurfa zalla, abin da za a samu bai fi kashi 6 cikin ɗari na wannan ɗan adadi ba, kuma babu kunnen ɗan Adam da zai kama shi.

Amma ku juya lissafin. Siririyar waya mai murabba'in milimita 0.5, an ja ta mita 20 zuwa wani ɗaki: turjiya ta kusa om 1.4. A nan za a ji bambanci ƙarara. Sauti zai ragu, amon ganga zai saki jiki, kuma da yake turjiyar lasifika tana hawa da sauka gwargwadon kaifin sauti, wasu muryoyi za su danne wasu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, domin shi ne ke cin kuɗin mutanenmu. Wayar lasifika da yawa da ke kasuwa ba jan ƙarfe ba ce, alminiyom ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyom tana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne kacal na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka. Waccan waya ta mita 20, in irin wannan ce, turjiyarta za ta haura om 2, kuma a kan lasifika mai om 4 kusan sulusin ƙarfin amfilifaya zai ƙare a hanya, ya zama zafi. Gane ta ba wuya. Feɗe robar, ka kankare silin da reza: in fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ka gano ta. A hannu ma ba ta da nauyi, kuma in ka lanƙwasa ta sau kaɗan sai ta karye. Ka kuma dubi bakin wayar da kyau, domin sau da yawa robar ce mai kauri, ƙarfen cikin kuwa 'yan silla ne.

Akwai wasu wurare da waya ke da ta cewa. Wayar makirfo da ta na'urar faifan garmaho suna ɗauke da sigina mai rauni ƙwarai, don haka in ba su da rigar kariya ta saƙar ƙarfe, sai su kwaso ƙugin wutar gida. Baki mai tsatsa ko haɗi mai sako-sako yana kawo ƙarar-ƙarar, shi ya sa ake shafa wa bakin filogi ruwan zinariya, don ya daɗe bai dafe ba. Wayar HDMI kuwa lambobi take kaiwa. Ko dai su isa daidai, ko hoto da sauti su riƙa yankewa. Mai tsada ba ta ƙara musu zaƙi.

Sai tambaya ta gaba: me ya sa mutane masu gaskiya suke rantsuwa sun ji bambanci? Ban ɗauke su maƙaryata ba. Kunne ba shi kaɗai yake aiki ba, da ido da zuciya yake tafiya. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman suka sa mutane su saurari lasifikoki suna kallonsu, sannan suka sake saurara ta bayan labule. Makin da suka bayar ya sauya. Girma da kyan akwati da sunan kamfani sun shiga cikin hukunci, har a wurin ƙwararru. A nan kam gani ya kori ji. Ƙari a kan haka, in sauti ɗaya ya ɗan fi wani ƙarfi, ko da kaɗan ne, mai saurare yakan ce ya fi daɗi. Saboda haka gwaji na adalci yana da sharaɗi: a daidaita ƙarfin sauti da mita, wani ya riƙa sauya wayoyin ba tare da mai saurare ya san wadda aka saka ba, a kuma maimaita sau da yawa don a kori dace. Ɗalibai, wannan gwaji ba ya buƙatar ɗakin bincike, za ku iya shirya shi a ajinku da labule da abokai, kuma ina roƙon ku yi.

Ga mai ɗan kuɗi a hannu da ke son sautin gidansa ya gyaru, lasifika da ɗakin su ne manya. Falo mai tayil da bango tsirara yana mayar da amo ya cakuɗe magana. Shimfiɗa darduma, rataya labule mai kauri, janye lasifika daga lungu, ka ɗaga ta daidai kunnen mai zaune. Kowanne daga cikin waɗannan zai sauya abin da kake ji fiye da kowace waya.

Ku kuma masu sana'ar haɗa kayan sauti, amanar tana wuyanku, domin mai saye bai san milimita ba, ku ya sani. Ku ba shi jan ƙarfe na gaske, murabba'in milimita 1.5 in nisan ɗaki ne, 2.5 in ya yi tsawo, ku ɗaure bakin da kyau, ku faɗa masa gaskiyar abin da ya biya.