Jawabin Shugabar Mata: Haƙƙin Matan Sojoji da Marayunsu, Kada Ya Salwanta Saboda Takarda



Iyayena, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu da duk 'yan wannan guruf namu na Kura da Bunkure, ina gaishe ku da fatan alheri. Ya sanyi, ya aikin rani? Wannan shi ne jawabin da na gabatar a zamanmu na wannan wata, an rubuta shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Don Allah wadda ta karanta, ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba.

Ranar 15 ga Janairu ta kusa, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. An zaɓi ranar ne saboda a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Za ku gani a talabijin, manya sun maƙala baje a ƙirji, an ajiye furanni, an saki tattabaru a Abuja da Kano. Daga nan kowa ya watse. To mu maganarmu ta yau a kan wadda aka bari a ɗaki ce: matar sojan da ya rasu, da uwarsa, da marayunsa, da kuma tsohon sojan da ya ajiye kaki ya dawo gida yana fama da ƙafa da ido.

Kada ku ɗauka wannan maganar mutanen bariki ce kawai. Daga Karfi zuwa Ɗan Hassan, daga Gafan zuwa Barkum, da wuya ki rasa gidan da ɗansu bai je Defo ta Zariya ba. Kakanninmu sun je Bama a yaƙin duniya na biyu. Iyayenmu sun yi yaƙin basasa, wasu sun je Laberiya da Saliyo. Yau ƙannenmu da 'ya'yanmu ne a Borno da Yobe da dazukan Zamfara da Katsina. In abu ya faru, nan ake dawo mana da matar da yaran, domin zaman bariki yana da wa'adi bayan rasuwar mai gida.

Abin da nake so ya zauna a zukatanku shi ne, abin da gwamnati ke bai wa waɗannan bayin Allah haƙƙinsu ne da doka ta tanada. Babu wanda ya yi musu alfarma. Amma haƙƙin nan a kan takarda yake tafiya, kuma a wajen takardar ne matanmu suke faɗuwa. Bari in jero muku abin da ke akwai, sannan mu zo inda gizo ke saƙar.

Na farko, fansho da garatuti. Sojoji ba sa cikin tsarin fansho na karo-karo irin na sauran ma'aikatan tarayya. An cire su a 2011, dokar fansho ta 2014 ta ƙara tabbatar da haka. Hukumarsu daban ce, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja, ita ke biyan na ƙasa da na ruwa da na sama, kai tsaye cikin asusun banki. Sashe na 173 na kundin tsarin mulki ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara albashin ma'aikatan tarayya, kuma ba a cire masa haraji. Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba: idan tsohon soja ya rasu bai cika shekara biyar da ritaya ba, ragowar fanshon waɗannan shekaru biyar na magadansa ne. Sai an kai rahoton rasuwar an nema. Abin da ba a so shi ne a ɓoye rasuwar ana ci gaba da cirar kuɗi da katinsa. Wannan laifi ne, kuma ranar da aka gano, shi zai toshe halaliyar da ya kamata a karɓa.

Na biyu, sojan da ya rasu yana bakin aiki. Shi haƙƙinsa ba ƙulli ɗaya ba ne. Akwai kuɗin rasuwa da Hukumar Fansho ke biya. Akwai inshorar rai da gwamnati ke yi wa kowane soja. A rundunar ƙasa akwai asusun NAWIS da asusun taimakon juna, waɗanda daga albashinsa ake cira tun yana raye. Akwai kuɗin jana'iza. Kowanne da ƙofarsa, kowanne da lokacin fitarsa. Sau nawa mace take ganin alat guda ɗaya ta ɗauka shi ke nan, alhali sauran suna can a fayil suna jiran wanda zai bibiya?

Na uku, karatun marayu. Rundunar sojan ƙasa tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan sojan da ya rasu a bakin aiki, har yara huɗu, daga firamare zuwa jami'a. Ana neman takardar haihuwa da shaidar makaranta, kuma ana tantancewa lokaci zuwa lokaci. Yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora mata farantin talla, ko yaron da aka tura ɗaukar kwandon tumatir a Kwanar Gafan, wataƙila kuɗin makarantarsu na nan, ba a dai nema ba.

Na huɗu, lafiya. Akwai kamfanin DHML, shi ke kula da inshorar lafiyar sojoji masu aiki da masu ritaya. Ƙa'idar ita ce mai gida, da mace ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. To kun ga a gidajenmu na mace biyu ko uku, dole a zauna a san sunan wa aka sa, a kuma tambayi yadda ake ƙara sauran. Kada a bari sai naƙuda ta zo da gardama cikin dare sannan a gano amarya ba ta da kati.

Na biyar, sana'a da ƙungiyoyi. A Oshodi ta Legas akwai cibiyar da ke koya wa sojoji sana'a na wata shida kafin su yi ritaya, har da noma da kiwo. Mu da Allah ya ba ruwan Tiga rani da damina, in mijinki ko ɗanki ya kusa ajiye aiki, ki ba shi shawara ya zaɓi abin da zai ci da shi a nan. Garatutin da aka sa a eka guda ta shinkafa ko injin casa ya fi wanda aka kashe a mota da ƙarin aure. Sannan akwai Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, da ƙungiyoyin matan sojoji irin su NAOWA da NASWA da ke cikin bariki. Su ne suka fi sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Yanzu mu zo inda ciwon yake. Ranar da yaro ya shiga soja ana ba shi fom ya rubuta magajinsa, wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Yaro ne ɗan shekara ashirin, ba shi da mata, sai ya rubuta babansa ko yayansa. Shekara goma ta wuce, ya yi aure, ya haifi uku, fom yana nan yadda yake. Ranar da aka yi rashi, hukuma ba ta san matar ba, sunan da ke fayil ta sani.

Na zauna da wata baiwar Allah a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu, ba zan faɗi suna ko gari ba. Tana cikin takaba aka kira yayan mijin, ya je ya sa hannu. Da ta fita daga wata huɗu da kwana goma ta tambaya, aka ce mata gwamnati ba ta biya ba tukuna. Shekara biyu tana turara shinkafar mutane ana biyanta, ta jinginar da 'yar gonar da ta gada wajen mahaifinta don ta ciyar da yara. Sai da wani abokin aikin mijin ya zo gaisuwa ta ji cewa an daɗe da biya. Ko kwafin takarda ɗaya ba ta da shi a hannu, ko lambar aikin mijinta ba ta sani ba.

Iyayena, ku ji wannan da kyau, domin wasunmu a nan mu ne surukan, mu ne dangin mijin. Wanda aka rubuta a fom wakili ne, amana aka ba shi ya karɓo. Rubuta sunansa bai mai da shi mai dukiyar ba. A shari'armu mace tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, kishiyoyi su raba a tsakaninsu. Uwa da uba suna da sudusi-sudusi in mamacin ya bar 'ya'ya, yaran kuma su ɗauki nasu. Malamai da alƙalai su ne za su tantance abin da ya shiga gado da abin da aka ware wa yara. Ba na ce a hana uwar soja ba, ita ma ta yi rashi, kuma Allah ya yanka mata rabonta. Cewa nake kowa a ba shi nasa. Dukiyar maraya wuta ce, duk mun sani.

To mene ne abin yi? Rigakafi ya fi magani. Ke da mijinki ke aikin soja yanzu, in ya zo hutu ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki ce, Malam, don Allah an sa aurenmu da haihuwar yaran nan a takardun bataliya? An gyara fom ɗin magaji? Na san da nauyi. Wata za ta ce kada ya ɗauka mutuwa nake masa fata. A'a 'yar uwa, shi da kansa ya san aikin da yake yi, kuma namijin kirki zai ji daɗi ya san bayansa a killace yake. In ba za ki iya ba, ki sa uwarsa ko amininsa su yi masa maganar.

Sannan ki tanadi leda guda mai kyau, ki sa a ƙasan akwati inda ruwa da gara ba sa kaiwa. A ciki a samu takardar aure, takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya, katin NIN naki da nasu, hotuna, da takarda mai ɗauke da lambar aikinsa da sunan bataliyarsa. In tsohon soja ne, a haɗa da littafin sallama. Ki buɗe asusun banki da sunanki, ki tabbatar sunan da ke BVN shi ne a NIN harafi da harafi. Hauwa a nan, Hauwa'u a can, Kulu a takardar aure, wannan kaɗai ya isa ya kwantar da fayil wata da watanni. In rashi ya faru, ki karɓi takardar shaidar rasuwa da wasiƙar ta'aziyya daga bataliya, ki yi kwafi da yawa. Asalin takarda kuwa kada ya bar hannunki, ko wa ya nema.

Ku yi hattara da 'yan damfara. Za a kira ki a ce daga Abuja ne, fayil ɗin mijinki ya fito, turo kuɗin fom ko faɗo lambar da ta shigo wayarki. Ki kashe wayar. Ba a sayen haƙƙi da kuɗi, kuma ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin katinki. Mai neman bayani ta je Barikin Bukavu a Kano, inda hedikwatar Birged ta 3 take, ko ofishin 'Yan Mazan Jiya, ta tafi da wani nata mai karatu. In rigimar dangi ce, a fara da mai unguwa da liman da Hisba. In ta ƙi, ga kotun Musulunci, ga Hukumar Tallafin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Kano, waɗanda ke tsaya wa marasa ƙarfi.

Gwamnati ma akwai nata. Mun sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman bashin haƙƙinsu. Wannan abin kunya ne ga ƙasa, ko wa ke mulki. A watan Maris na 2024 da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, Shugaba Tinubu ya yi wa iyalansu alƙawarin gida da karatun yara har jami'a, ya ce a biya haƙƙinsu cikin kwana 90. To mu abin da muke cewa, wannan mudun a auna wa kowa da shi. Sojan da ya faɗi a dajin da babu ɗan jarida, shi ma ɗan wata ne, mijin wata ne.

Ga aikinmu. Kowace shugabar mazaɓa, ta goma na Kura da goma na Bunkure, ta zaga da ita da sakatariyarta kafin zamanmu na gaba. A nemo matan sojojin da suka rasu, da iyayensu mata, da tsofaffin sojojin da ke kwance. A tambaya cikin mutunci: me aka karɓa, me ya rage, wace takarda ce babu? A rubuta a littafi a kawo hannu da hannu. Kada wadda ta ɗora sunan mutum ko hotonsa ko lambar asusunsa a wannan guruf, sirrin mutane ne. Kuma ban yarda a tambayi kowa jam'iyyar da take yi ba. Harsashin da ya sami mijinta bai tambaye shi katin jam'iyya ba.

In mun haɗa, mu da kanmu za mu kai wa kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi, da 'yan majalisarmu na tarayya na Kura, Madobi da Garun Malam, da na Rano, Bunkure da Kibiya. Wasiƙar ɗan majalisa tana motsa fayil ɗin da ya yi shekara yana barci. Mu muka yi layi cikin rana muka zaɓe su, don haka ba roƙo za mu je ba. Za mu kuma nemi 'yan kuɗin mota daga asusunmu na mata, saboda wata abin da ya hana ta zuwa Kano bibiya bai wuce kuɗin mota ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kare waɗanda ke bakin daga, ya raya marayu ya yi musu albarka. Allah ya ba mu damina da rani masu albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. A tura wa sauran guruf-guruf na mazaɓu.