Ciwon Dajin Fankiriyas: Magani Iri Uku Cikin Kalma Ɗaya



Aikina nazarin harshe ne, kuma ta ƙofar harshe zan shiga wannan batu na likitoci. Bahaushe yana da kalma guda, wato "magani". Idan likita ya furta ta, dangin majiyyaci warkewa kawai suke ji, alhali a ciwon da za mu tattauna yau kalmar tana ɗauke da ma'ana uku: warkarwa, jinkirtawa, da sassautawa. Rashin rarrabe su kan sa iyali su sayar da gona su bi abin da ba zai samu ba, ko kuwa su fid da rai su bar mutum cikin azabar da take da sauƙi.

Da farko, mu san gaɓar. Fankiriyas wata tsoka ce mai tsawon kimanin santimita 15, tana kwance a bayan tumbi. Wasu masu fassara sukan kira ta saifa, amma saifa dabam take, tana can gefen hagu. Aikin fankiriyas biyu ne: fitar da ruwan narkar da abinci, da samar da insulin mai daidaita sukari a jini. Tana da kai da jiki da wutsiya, kuma hanyar ruwan matsarmama ta kanta take ratsawa. Galibin ƙari a kan yake tsirowa. In ya toshe wannan hanya, sai idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, jiki ya dinga ƙaiƙayi. Mu kuwa sai mu ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe wata da watanni, a nan kuwa ake yin asarar lokaci.

Ma'ana ta farko ita ce warkarwa, kuma ƙofarta ɗaya ce tak, wato aikin fiɗa. Idan ƙarin yana a kai, ana yin aikin da ke ɗauke da sunan Allen Whipple, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da wani yanki na hanyar ruwanta, wani lokaci har da ɓangaren tumbi, sa'an nan a sake haɗa abin da ya rage. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, kuma sakamakonsa ya fi kyau a asibitin da ya saba yin sa. Idan ƙarin yana a wutsiya, ita ake yankewa, sau da yawa tare da saifa. Bayan fiɗa akan bi da magungunan kashe ƙwayoyin daji na kimanin wata 6. Sai dai fa, cikin majiyyata biyar, kusan ɗaya ne kaɗai yake isa asibiti a lokacin da aikin zai yiwu. Sauran, ciwon ya riga ya naɗe manyan jijiyoyin jini ko ya tsallaka hanta. Akwai kuma waɗanda ke tsaka-tsaki: akan fara ba su magani ta jijiya, wani lokaci da gashi, ko ƙarin zai ja baya har wuƙa ta iya kai masa.

Ma'ana ta biyu ita ce jinkirtawa, ga wanda fiɗa ta wuce shi. A 1996 hukumomin Amurka suka amince da maganin Gemcitabine domin wannan ciwo. A 2011 masu bincike a Faransa suka buga sakamakon wani haɗin magunguna mai suna FOLFIRINOX: matsakaicin rayuwar waɗanda ciwonsu ya bazu ya kai wata 11, a maimakon kusan wata 7 da maganin farko. Ku lura, watanni ake ƙirgawa. Haɗin kuma yana da nauyi, sai mai sauran ƙarfin jiki yake iya ɗauka. A 2019 aka ƙara da ƙwayar Olaparib, ga 'yan kaɗan da suka gaji wani canji a ƙwayar halitta mai suna BRCA. Duk da wannan ci gaba, ƙididdigar Amurka ta 2024 ta nuna kimanin mutum 13 cikin 100 ne suke kai shekara 5 bayan an gano ciwon. Watannin da aka samu kuwa ba abin rainawa ba ne: a cikinsu mutum zai biya bashi, ya aurar da 'ya, ya yi wasiyya.

Ma'ana ta uku ita ce sassautawa, kuma ita muka fi yi wa rashin adalci. Ana iya zura ɗan bututu ta baki a buɗe hanyar matsarmama, rawaya da ƙaiƙayi su lafa. Akwai ƙwayoyin da ake sha tare da abinci su maye gurbin ruwan narkarwa, gudawa ta ragu. Akwai mofin domin zafi mai tsanani, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1986. Akwai kuma allurar da ake yi wa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga bayan ciki. Saboda haka, wanda aka ce ba zai warke ba, ba a ce masa ba shi da magani ba.

A ƙarshe, ina roƙon abu biyu. Ɗalibai, idan kun ga dattijo da shawara haɗe da rama, ko ciwon ciki mai sukar baya, ko ciwon sukari da ya ɓullo kwatsam bayan shekara 50, ku matsa a kai shi asibiti a ɗauki hoton ciki cikin kwanaki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma ma'aikata, da ake ɗora wa nauyin jinyar dangi, kafin ku taɓa ajiyarku ku tambayi likita a fili: "Likita, wannan maganin na warkarwa ne, ko na jinkirtawa, ko na sassautawa?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma amsar ita za ta nuna muku inda ya kamata kuɗi da lokaci su tafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.