AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: A Cire Tsohon Folish Kafin A Shafa Wa Mota Sabo

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Bunkure, mai akori-kura da yake jigilar tumatir zuwa Kwanar Gafan. Ya ce yana son sayar da motar bayan kakar rani, ya shafa mata folish har sau uku, amma maimakon ta yi sheƙi sai ta ƙara dusashewa, ga fari-fari a lungunanta. Shin fentin ne ya mutu?

To Malam, kwantar da hankalinka. Galibi fentin yana nan da ransa, tsohon folish ne ya rufe shi. Shi folish kaki ne, mafi shahara kuwa shi ne kanoba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Barazil. A zafin rana irin namu 'yan makonni ko watanni kaɗan yake yi ya gaji. Daga nan sai ya riƙe ƙurar hunturu, da garin takin zamani, da ruwan tumatir mai tsami. In ka ɗora sabo a kai, ka binne dattin ke nan, kuma sabon ba zai kama ba. Ai ba a yaɓe a kan tsohon yaɓen da ya ɓamɓaro.

Ga yadda za ka yi. Ka ajiye motar a inuwa da sassafe, jikinta da sanyi. Ka fara kwara mata ruwa sosai daga sama zuwa ƙasa kafin tsumma ya taɓa ta, domin ƙura yashi ce, in ka goga a bushe ta karce fenti. Sai ka kaɗa sabulun ruwa na wanke-wanke a bokiti, ka wanke da soso mai laushi, kana ɗauraye soson a bokiti na biyu. Wannan sabulu yana ɗauke kakin da ya riga ya gaji, shi ya sa ba a wanke mota da shi kullum, sai irin wannan rana.

Yaya za ka gane ya fita? Watsa ruwa a kan bonet. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran kaki. In ya shimfiɗu ya gangara, to ya fita. Inda ya ƙi, ka sami sifirit a kemis, ka tsarma da ruwa, ka gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, sannan ka goga da tsumma mai tsabta. Farin da ya maƙale a roba da lunguna, tsohon buroshin haƙori da sabulu sun isa.

Kul, ban da fetur, ban da tina, ban da sabulun gari na wanki! Ɗigon kwalta kaɗai za ka taɓa da ɗan kananzir, ka wanke wurin nan take.

In motarka tsohuwar Fijo ce irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, kana iya ganin launin fenti a tsumma. Alamar rana ta ci samansa ke nan, sai ka bi a hankali. In kuwa kwanan nan mai fenti ya fesa ta, a bar ta wata ɗaya zuwa uku kafin a sa kaki.

Sai roƙo guda. Kada ku wanke mota a cikin kanal. Ruwan nan da ke zuwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa, sabulu da baƙin mai kuwa gonar maƙwabcinka za su. Ga kuma cutar tsargiya ga mai tsayuwa a ciki. Ɗebi a durom, bari laka ta kwanta, ka yi wankin can nesa.

Bayan ta bushe sarai, ka duba inda tsatsa ta fara a gyara, sannan ka shafa folish siriri, ɗan wuri bayan ɗan wuri. Mai saye da ido yake fara ciniki. Allah ya kawo kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.