Jawabi Ga 'Yan'uwa Mazauna Kurmi Game Da Bazarar Bauci

Ku da ke zaune a Ikko da Badun da Fatakwal, ruwa ya riga ya sauka muku, har wasunku sun fara ƙosawa da laka. To, ku sani a Bauci yanzu ake tsakiyar bazara. Rana tana dukan duwatsun da suka kewaye birni, da la'asar hadari ya haɗu a gabas, iska ta tashi da ƙura, sa'an nan ya watse ba ɗigo.

Amma itatuwa ba su jiran ruwa. Mangwaro ya nuna, ɗorawa ta yi 'ya'ya, mata suna tanadin kalwar daddawa. Shamuwa ta dawo kan sheƙarta, manomi kuwa in ya gan ta ya san damina ta kusa. Gawo kaɗai ke da tasa hanya dabam, don sai ruwa ya zauna yake kaɗe ganyensa, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa yake samun rana da taki gaba ɗaya.

Mai lambu shi ke shan wuya a wannan tsakani. Rijiyoyin fadama sun ja baya, zafi yana kaɗe furen tumatir kafin ya ƙulla, ga tsutsa. Waɗanda ke sana'a a kasuwar Mile 12 ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye lambunan arewa, kwando ya gagari talaka. Tsadar da kuke gani kowane watan Mayu da Yuni daga nan take tasowa.

Mai gona kuma sharar gona yake yi, yana kai taki. Haɗarinsa ɗaya ne, watau ruwan farko. Sau da yawa a yi ruwa mai ƙarfi a ƙarshen Afrilu, mutum ya yi gaggawar shuka, sai fari na mako biyu ya biyo baya, tsiron ya ƙone. Wanda ba shi da ragowar iri ya shiga uku.

Saboda haka ina roƙonku, wanda ya yi niyyar aika wa gida kuɗin taki da iri, ya aika yanzu. Galibinmu sai Yuli muke tunawa, lokacin da taki ya yi tsada, noman farko kuma ya wuce. A haɗa da kuɗin mudu biyu na irin ajiya, ko da shukar farko za ta ƙone.