Nasiha Ga 'Ya'yanmu Da Suka Kammala Karatu

Jawabin shugabannin reshe a wajen taya 'ya'yan malamai murna, a Daura ta Ƙaraye

 

Muna yi wa Allah godiya da Ya nuna mana wannan rana. Kowace takardar shaida da ke hannunku akwai tarihi a bayanta wanda mu ne muka san shi: adashin da aka kwasa tun bai zagayo ba, da akuyar da aka kai kasuwa ana gobe za a rufe rajista, da albashin da ya ƙare tun wata bai raba ba. Ba gori muke yi muku ba. Muna so ne ku san nauyin abin da kuka ɗauko daga Jami'ar Bayero, da Wudil, da Kumbotso, da Bichi, domin wanda ya san kuɗin kaya ba ya ajiye su a rana.

Magana ta farko ita ce ta aiki. Gwamnati ba ta da kujerun da za su ishi dukkan masu kammala karatu, kuma wanda ya ce muku akwai, yaudararku yake yi. Masu digiri da babbar difloma a cikinku za su tafi hidimar ƙasa, shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa saninsa, domin sansanin masu hidimar ƙasa na Jihar Kano yana nan Kusalla, muna ganin 'ya'yan wasu suna zuwa daga Kudu da Arewa. Ku ma haka za a tura ku garin da ba ku da kowa. Makonni uku na sansani akwai darasin koyon sana'a a cikinsu, wanda yawancin matasa ke mayarwa lokacin barci. Ku zauna ku koya. Alawus kuma, da ya koma Naira 77,000 a 2025, wata goma sha biyu ne kacal, daga nan sai ya yanke kamar ɗaukewar ruwan sama. Wanda ya daure ya ajiye Naira 20,000 duk wata, zai dawo gida da Naira 240,000, abin da zai isa a fara ƙaramin kiwo ko saro kaya. Wanda ya saka shi a sabuwar waya da ɗinkin shadda, zai dawo ya ci gaba da miƙa wa mahaifinsa hannu.

Masu NCE kuwa, ba ku da wannan shekara ta alawus, saboda haka kada ku ɓata lokaci. Ku rubuta jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN, ku karɓi lasisinku, ku ajiye takardunku a shirye kafin a buɗe ɗaukar aiki. Kafin nan, ajin makarantar kuɗi ko na Islamiyya, ko da abin da ake biya kaɗan ne, ya fi zaman bakin titi, domin a nan hannu yake faɗawa.

Magana ta biyu, kada boko ya sa ku raina sana'ar gidanku. Allah Ya ba wannan yanki ƙasar noma da ruwa. Madatsar Challawa tana ƙasar Ƙaraye, ga fadamun da ake noman rani da rake, ga masara da dawa da ake lodi zuwa Dawanau. Mai ilimin da ya shiga gona da lissafi, yana rubuta abin da ya kashe a taki da iri da ƙwadago, yana sanin lokacin sayarwa da lokacin ajiya, ya fi ƙarfin a kira shi mara aiki. Mu kanmu da muke gabanku, da yawanmu gona ce take rufa wa albashinmu asiri, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka tashi. Zama da aka ce ana jiran ofis, shekara ɗaya tana zama biyar mutum bai ankara ba.

Magana ta uku ita ce ta kuɗi, kuma a nan muke so ku fi buɗe kunne. Duk wanda ya ce ku kawo dubu goma ku karɓi dubu ashirin bayan wata ɗaya, ba tare da an ga abin da ake saye ko sayarwa ba, kuɗin wanda ya zo bayanku zai ba ku, har ranar da masu zuwa za su ƙare. Haka MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka CBEX ta yi a Afrilun 2025, kuma a duka biyun akwai masu digiri cikin waɗanda suka yi kuka. Cacar ƙwallo ta waya ita ma caca ce, ko da an sa mata wane suna. Manhajojin ba da rance nan take kuwa, bayan ruwan da suke ɗorawa, ranar da kuka gaza biya sai su bi lambobin da ke wayarku suna tozarta ku a wurin surukai da abokan aiki. Haka nan masu cewa a kawo kuɗi a samo muku takardar ɗaukar aiki. Sau da yawa takardar ta bogi ce, a yi asarar gona a yi asarar mutunci. In ma ta gaskiya ce, wanda ya sayi kujera da wuya bai sayar da amanarta ba.

Magana ta huɗu, suna. A garuruwa irin namu, kafin a duba takardarku sai an tambayi ɗan wane ne, yaya halinsa. Zuwa aiki a kan lokaci, da cika alkawari, da mayar da canjin da ba a tambaya ba, su ne suke gina mutum a hankali. Abin da kuka rubuta a Facebook ko kuka ɗora a TikTok yana nan ajiye, mai neman ma'aikaci zai gani, mai binciken aure ma zai gani. Kada ku zama karen farautar wani ɗan siyasa, kuna zagin sa'annin iyayenku saboda kuɗin kati. Ƙwaya da sauran kayan maye kuwa, mun ga yadda suka mayar da ɗaliban da muke alfahari da su abin tausayi, kuma kusan kullum aboki ne ya fara miƙa musu.

Game da aure, ku yi shi da zarar kun samu abin riƙe gida, daidai ƙarfinku. Lefen da aka haɗa da bashi, amarya ce take fara ɗanɗana wahalarsa. Ku je gwajin lafiya kafin a sa rana, kamar yadda dokar Jihar Kano ta 2024 ta tanada, domin ciwon sikila ba ya duba soyayya. Ku kuma 'ya'yanmu mata, karatunku amana ne. Makarantun 'yan mata da asibitocin ƙauyukanmu suna neman malamai mata da ungozoma, saboda haka a yi maganar aikinku da dangin miji tun kafin a ɗaura, cikin mutunci da fahimtar juna.

Mu iyaye ma akwai namu. Kada mu ɗora wa yaron da bai tsaya da ƙafarsa ba nauyin gida gaba ɗaya, kada kuma mu riƙa auna shi da ɗan maƙwabci da ya yi mota ba a san sana'arsa ba. Irin wannan matsi shi ne yake tura na kirki hanyar banza.

Daga ƙarshe, duk inda arziki ya kai ku, ku tuna da ajin da kuka fara koyon baƙi a cikinsa. Malam Aminu Kano da alli ya fara, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Wanda ya zaɓi koyarwa a cikinku, ƙofar wannan ƙungiya a buɗe take gare shi. Wanda ya bi wata hanya, ya riƙa leƙo ƙannensa yana duba littattafansu, ya kuma kula da tsofaffin da suka yi masa wahala.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku halal mai amfani, Ya kare ku daga mugun ji da mugun gani, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.