Jawabin Yaye Dakaru na Musamman a Buni Yadi

 

Duk wanda ya ga jerin dakarun nan ranar da aka fara horo, ya kuma dube shi yau, ya san ya ragu. Wasu ƙafa ta karye, wasu zazzaɓi ya kwantar da su, wasu kuma suka zo da kansu suka ce ƙarfinsu ya ƙare. Mun mayar da su bataliyoyinsu cikin mutunci, domin kowannensu soja ne tun daga ranar da ya gama watanni shida a Defo na Zariya, wanda ke horar da kurata tun 1924. Kada in ji wani ya yi musu gori.

Ana yawan tambayarmu me ya sa ba za mu sassauta ba, alhali ana neman ku a dajin Sambisa, da tsibiran Tafkin Chadi, da dazuzzukan Zamfara lokaci guda. Gaskiya ne, hannu bai ishe mu ba. Amma ƙaramar tawagar da ke shiga daji da dare, kowa ransa yana hannun na kusa da shi. Wanda aka ɗaga wa ƙafa a nan, can zai tsaya, sai mutum huɗu su bar bindiga su ɗauke shi. Ba zan sa hannu a takardar wanda bai cancanta ba don a cika lissafi.

Maganin ƙarancin yana bakin ƙofa. A yawaita masu nema, a tantance lafiyarsu tun kafin su iso. Sannan a riƙe waɗanda aka horar: alawus ya fito a kan lokaci, a ba su hutu su ga iyalansu, a kula da matan waɗanda suka kwanta dama. Gogaggen saje guda in ya ajiye kaki, sai an yi shekaru kafin a sami madadinsa.

Ku da muke yayewa, ku tuna inda kuke tsaye. A garin nan ne, ranar 25 ga Fabrairun 2014, 'yan Boko Haram suka kashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya cikin dare. Mutanen wannan yanki na Gujba ba su manta ba. Ku kare farar hula, ku bi umarni, ku riƙe amanar juna. Iyaye kuma, muna roƙonku ku ci gaba da turo mana 'ya'yanku, ku raka su da addu'a. Allah ya tsare ku, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.