HOTO YA ƊAUKE: INA ZA A FARA DUBAWA?

Jawabi don masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci

Maganar yau a kan tele take, da parabol, da wayar da ta haɗa su.

Tele ba baƙuwa ba ce a Nijar. Tun 1964 aka fara koya wa ƴan lakwal karatu da ita a Yamai. Daga baya gomnati ta kai teloli masu aiki da hasken rana cikin garuruwa, jama'a na taruwa da dare suna kallo. A wancan zamani, in ta tsaya sai a jira ma'aikaci ya zo daga birni. Yau mutum ne ke sayen tasa da kuɗin wake ko na rago. In ta tsaya, shi ne zai biya.

Masu gyara sun san abu ɗaya: sau da yawa tele lafiya lau take, ciwon yana ga waya ko ga faranti. Mutum ya ɗauki tele ya kai Maraɗi ko Tawa, mai gyara ya kunna, ta kama. Ya yi asarar kuɗin mota da yinin noma. Don haka ya kamata kowa ya san abin da zai duba kafin ya kama hanya.

Yadda hoto ke zuwa

Hoto yana fitowa daga tauraron ɗan adam, mai nisan kilometir kusan dubu 36 a sama. Yana juyawa tare da duniya, shi ya sa kullum yana wuri ɗaya. Farantin parabol yana tara saƙon, ya tura wa ƙaramin kan da ke gabansa, wanda ake cewa tet. Daga tet waya ta kai shi ga dekodar, dekodar ta ba tele. Kamar rijiya ce da guga da igiya. In igiya ta tsinke, ba laifin rijiya ba ne.

Na farko: wuta

A duba ko ƴar fitilar dekodar tana ci. Mai aiki da pano da batir na volt 12 ya lura: in dekodar tana mutuwa tana tashi da kanta cikin dare, batir ne ya yi rauni. Ƙurar hunturu tana rufe pano, ta rage masa ƙarfi. A shafe shi da tsumma mai laushi da safe. Wajen haɗa batir, jar waya ga alamar ƙari, baƙa ga alamar ragi. In aka juya su, kaya na iya ƙonewa nan take.

Na biyu: bayan tele

Igiya mai kawuna 3 tana da launi: rawaya ta hoto ce, ja da fara na murya ne. Kowace ta shiga ramin launinta. Sau da yawa kuma yaro ne ya taɓa komand. A danna inda aka rubuta AV ko HDMI har hoton dekodar ya dawo. A nan karatu ya yi rana: wanda ya iya haruffa shi ke gane wurin.

Na uku: wayar da ta fito daga waje

In tele ta rubuta "Pas de signal", saƙo ne bai iso ba. A bi waya da ido da hannu, daga ɗaki har zuwa faranti. Kusu yana cin ta, akuya tana tauna ta, rana tana fasa ta, ƙofa tana matse ta.

Kafin a kwance ko a ɗaure kan waya, a cire dekodar daga wuta. Dalili shi ne dekodar tana aika wuta ta volt 13 ko 18 zuwa tet ta cikin wannan waya. A tsakiyarta akwai jan ƙarfe guda ɗaya, a kewaye kuma akwai siraran zaruruwa kamar gashi. In zare ko ɗaya ya taɓa ƙarfen tsakiya, hoto ba zai zo ba, dekodar ma na iya lalacewa. A fere waya a hankali, a lanƙwashe zaruruwan baya, a murɗa kan da kyau.

Ruwa shi ne babban abokin gaba. In kan waya ya yi tsatsa, a yanke wurin a sake ɗauri, a naɗe shi da skoci. Inda waya za ta shiga ɗaki, a bar ta ta ɗan sauka ƙasa sannan ta hau, don ruwa ya ɗiga waje.

Na huɗu: faranti

Iskar da ke zuwa gaban hadari tana karkata faranti. Ko da faɗin yatsa ya gusa, hoto ya tafi. A dubi farantin maƙwabci mai kallon tashoshi iri ɗaya, a ga inda ya fuskanta. Mutum ɗaya yana juya faranti kaɗan kaɗan, yana dakatawa, wani yana kallon tele. Dekodar tana nuna sanduna biyu, na ƙarfi da na kyau. Na biyun shi ne abin lura. In ya hau, a ɗaure kusoshi, a sa alama da fenti. A duba kuma ko bedi ya yi ganye ya tare gaban faranti.

In hoto ya ɗauke ana tsakar ruwa mai ƙarfi, kada a taɓa komai. Ruwa na tsayawa zai dawo.

Mai eriyar rato, wadda ta yi kama da manjagara, shi tashar ƙasa yake kamawa. A ɗaga ta sama, a fuskantar da ita garin da tashar take.

Abin da ya fi hoto: rai

Kada a ɗaga dogon ƙarfe kusa da wayoyin kuran. In ya taɓa su, mai riƙe da shi yana iya mutuwa a wurin. Kada a hau soro da dare, ko ana walƙiya, ko bayan ruwa lokacin da laka ta yi laushi. Kada a tura yaro sama. Ya fi kyau a kafa ƙarfen faranti a ƙasa da siminti, nesa da turken dabbobi. Soro ma ya huta da yoyo.

In hadari ya taso, a cire wayar wuta da wayar eriya tun kafin a fara tsawa. Tsohuwar tele mai ƙaton baya kuwa tana riƙe wuta ko an kashe ta. Buɗe ta aikin mai gyara ne.

Wanda ya duba waɗannan wurare 4 bai samu hoto ba, ya gwada dekodarsa a gidan maƙwabci. In ta kama can, ciwon yana ga tet ko waya. In ba ta kama ba, ita kaɗai za a kai birni. Ya rubuta a takarda abin da tele ta nuna, ya kai wa mai gyara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ruwan farko kowa ya ɗaure kusoshinsa, ya duba wayarsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da iyalanmu.